Waiwaye: Yadda Aka Kai Ga Manhaja Tana Auna Damuwar Ɗalibai

Iyaye da malamai a unguwannin Nima, Maamobi da Madina da ke yankin Accra a ƙasar Gana na ta muhawara kan ko ya dace a bar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa karanta abin da ɗalibai ke wallafawa don gano mai fama da ciwon damuwa. Zancen ya haura shekara goma. A 2013 masu bincike a Amurka suka nuna ana iya hasashen ciwon daga rubutun Twitter. A 2017 aka gwada da hotunan Instagram na mutum 166, kuma a shekarar Facebook ya fara amfani da manhaja wajen gano masu tunanin kashe kansu.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne wajajen 2014. A binciken 2013, sai mutum ya amince, ya cike takardar tambayoyin da masana suka tantance, sannan a gwada amsarsa da rubutunsa. Hanya ce mai tsada da cin lokaci, sai aka samo mai sauƙi: a sa kwamfuta ta tsinto duk wanda ya rubuta da Turanci cewa likita ya tabbatar masa da ciwon, a kwashi rubutunsa a matsayin na marar lafiya, a ɗauki sauran jama'a a matsayin masu lafiya. Da haka takardar tambayoyin masana ta fita daga lissafi, neman izini ma ya fita. Manhajar ta koyi salon wanda ke da halin ganin likita kuma ba ya jin nauyin faɗa a bainar jama'a.

Ɗalibar Jami'ar Gana da ke Legon da ta tashi a zango ba haka take ba. Tana cakuɗa Hausa da Twi da Turancin titi, mafi yawan hirarta saƙon murya ne a WhatsApp, inda manhaja ba ta gani. In abin ya yi mata nauyi sai ta ce kanta na ciwo, ko barci ya ƙaurace mata, ko ta sa addu'a kawai ta yi shiru. Ko a Amurka, binciken da ya fito a 2024 ya nuna alamomin harshe da ke aiki ga farar fata, kamar yawan ambaton kai, ba sa aiki sosai ga baƙar fata.

Ga lissafi don misali. Ɗalibai 1,000, cikinsu 100 na da ciwon, manhajar kuma tana dacewa kashi 80 cikin ɗari ta kowane ɓangare. Za ta kama 80, ta tsallake 20, ta kuma shafa wa masu lafiya 180 tambari. Jami'in ba da shawara zai zauna da mutum 260, ya yi wa kowa tambayoyi tara na PHQ-9, takardar tantance ciwon damuwa, inda maki 10 cikin 27 ke nuna a zurfafa bincike. A unguwar da ake bincikar asali kafin aure, tambarin ƙarya ba ƙaramin abu ba ne.

Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846 da ta kare bayanan sirri mai lamba 843 duk a 2012, kafin waɗannan manhajoji, kuma sai 2023 aka daina hukunta yunƙurin kashe kai. Doka ta 843 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Makarantar da za ta gwada wannan hanya sai ta fara da rubutaccen izinin ɗalibi, ta gwada manhajar da rubutun yaran Accra, ta kuma fayyace wa zai ga sakamakon da ranar da za a goge shi.