Waiwaye: Shekara 21 tsakanin takardar rijiya da gangar mai ta farko

A majalisarmu ta yamma a nan Daura, da an ambaci wani attajiri sai ka ji wani ya ce, "Ai rijiyar mai aka ba shi," kamar guga kawai zai zura ya ɗebo dala. Ranar da Shugaba Buhari ya je Kolmani, a kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, ƙaddamar da haƙo mai a Nuwamban 2022, har da masu lissafin ribar da za ta iso unguwarsu. Da na ce su dubi tarihin kamfanin Oriental Energy, sai wani dattijo ya ce, "Malam, wannan ai na surukanmu ne." Gaskiyarsa, ɗan mai kamfanin ne ya auri Zahra Buhari a 2016. Amma labarin ya girmi auren nesa ba kusa ba.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, haƙo mai a Najeriya sana'ar Shell da Mobil da Agip da ire-irensu ce, tare da NNPC. A zamanin Babangida, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana ministan mai, aka fara raba wa 'yan ƙasa filayen bincike. A wannan rabo na 1990 ne Alhaji Muhammadu Indimi, ɗan Maiduguri da ya taso cikin fataucin fata da ƙirgi, ya kafa Oriental, ya samu fili a cikin teku daura da Akwa Ibom.

Abin da majalisarmu ba ta ganewa shi ne, takarda ce aka ba shi, izinin nema. Kafin a ga ɗigon mai sai an yi hayar jirgi ya auna ƙarƙashin teku, masana su karanta, sannan a kawo na'urar haƙa wadda kuɗin hayarta na yini guda ya isa gina gidaje. Rijiya ɗaya takan ci miliyoyin dala, kuma tana iya fitowa wayam. Ƙaramin kamfani ba shi da wannan ƙarfi, dole ya nemi baƙo mai kuɗi da ƙwarewa su raba. Oriental ya fara da Conoco na Amurka, aka haƙa, ba a kai ga sayar da ganga ko ɗaya ba.

Ana cikin haka, a 2000 Najeriya da Ikwatoriyal Gini suka shata iyakarsu ta ruwa, wani yanki na filin kamfanin ya faɗa wancan ɓangare. A madadinsa aka ba shi Okwok da Ebok, ƙananan filaye da Mobil ta gano tun shekarun 1960 ta bar su, don a wurinta wahalar ta fi ribar. Abin da giwa ta tsallake, ga zomo abincin shekara ne.

A 2008 kamfanin Afren mai hedikwata a Landan ya shigo da kuɗin aikin Ebok, bisa sharaɗin zai fara cire abin da ya kashe kafin a yi rabo. A 2011 mai ya fara fita. Mu da muka gaji labarin Kusugu mun san rijiya tana iya kasancewa a tsakiyar gari amma ɗiban ruwa ya gagara. Sai dai tamu ko ba komai ana ɗiba ranar Juma'a, wannan kuwa shekara 21 aka yi ana jira.

Daɗin bai daɗe ba. Gangar da ake sayarwa sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta dawo ƙasa da dala 50 a farkon 2015. Afren, da bashi ya yi wa katutu ga kuma badaƙalar shugabanninsa, ya durƙushe a Yulin 2015, Oriental ya karɓi ragamar aikin Ebok da kansa.

Da na kai nan, dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "To Malam, ita Kolmanin fa, yaushe za mu fara ƙirgen shekarunta?" Na ce masa, Baba, a 2019 NNPC ta sanar da gano man, sai ka fara daga nan.