Mataccen da ya kai ƙara kotu: fashin baƙin dokar korar masu laifi daga Ingila zuwa Ostareliya

A watan Yuli na 1788 wasu miji da mata, Henry Kable da Susannah, suka tsaya gaban kotu a Sidni, garin da a lokacin bai wuce tantuna da bukkoki ba. Ƙarar wani kyaftin ɗin jirgin ruwa suka kai, mai suna Duncan Sinclair, a kan ƙunshin kayansu da ya salwanta a hannunsa. Mijin da matar duka fursunoni ne, kuma ba wanda ya iya rubuta sunansa a cikinsu, alama suka yi a takardar. Bisa dokar Ingila ta wancan zamani bai kamata a ko saurare su ba, domin a idon shari'a sun riga sun mutu. Kafin a gane yadda mai rai ke zama matacce a takarda, da abin da hakan ke jawo wa matarsa da 'ya'yansa, sai an koma ga dokar da ta kawo su can.

A ƙarni na 18 laifuffukan da hukuncinsu kisa ne a Ingila sun yi ta ƙaruwa har suka haura 200. Satar tunkiya, fasa gida, yanke aljihu, duk suna iya kai mutum ga igiya. Su kansu alƙalan ba sa son rataye kowa da kowa, gidajen yarin kuma ba a gina su don dogon zama ba, wurin jiran shari'a ne. Sai majalisa ta yi Dokar Kora ta 1717. Abin da ta tanada a taƙaice shi ne, mai ƙaramin laifi a kore shi zuwa ƙetaren teku na shekara 7, wanda aka yanke wa kisa kuma sarki ya yi masa sassauci a kore shi na shekara 14, wani ma har iya rayuwarsa. Wanda duk ya dawo kafin wa'adinsa ya cika, rataya ce makomarsa. Amurka ake kai su da farko, inda 'yan kasuwa ke sayar da ƙwadagonsu ga masu gonakin taba a Bajiniya da Merilan. Kusan mutum 50,000 aka kai ta wannan hanya. Da Amurkawa suka yi tawaye a 1775 ƙofar ta rufe, sai aka koma cusa fursunoni a tsofaffin jiragen ruwa da aka ɗaure a bakin kogin Tems da wasu tashoshi, ana jiran a sami wata ƙasar.

A wannan tsakani ne labarin Henry da Susannah ya faro. An yanke wa Henry hukuncin kisa a garin Thetford a 1783 saboda fasa gida, shi da mahaifinsa. Aka rataye uban, ɗan kuma aka mayar masa da hukuncin kora zuwa Amurka. Shekara ɗaya bayan haka Susannah Holmes ta sami irin wannan hukunci a kan sata, aka sassauta mata zuwa korar shekara 14. Tunda babu Amurkar zuwa, sai suka yi ta zama a kurkukun Norwich. A nan suka san juna, a nan ta haifi ɗansu a 1786. Sun nemi a ɗaura musu aure, aka hana.

Dokar ta yi maganar jikin mai laifi, da inda za a kai shi, da tsawon lokacin da zai yi. Ba ta ce uffan ba a kan jaririn da ke goye a bayan mace, ko matar da za a bari da yara biyar. Shi ya sa da aka zaɓi Susannah cikin matan da za su tafi Ostareliya, aka kai ta Plymouth, kyaftin ɗin jirgin da ake tsare fursunoni ya ce takardarsa sunan uwa kaɗai ta ƙunsa, ba zai karɓi yaro ba. Gandiroban da ya rako ta, John Simpson, shi ya ɗauki jaririn ya yi tattaki har Landan, ya nace sai da ya ga Lord Sydney, sakataren harkokin cikin gida. Ministan ya ji tausayi, ya ba da umarnin a mayar wa uwar da ɗanta, a kuma haɗa su da uban su tafi tare. Jaridu suka ɗauki labarin, mutane suka yi karo-karo har fam 20, aka saya musu tufafi da wasu kayan amfani, aka sa ƙunshin a jirgin da ake kira Alexander.

Ina so mai karatu ya lura da cewa babu ko layi ɗaya na doka da ya ba Susannah ikon riƙe ɗanta. Alfarma ce aka yi mata, don Allah ya haɗa ta da gandiroba mai imani. Dubban da ba su sami irinsa ba, a bakin tasha suka rabu da nasu, rabuwar da ba a sake haɗuwa ba.

Jirage 11 suka tashi daga Portsmouth ranar 13 ga Mayu 1787 a ƙarƙashin Arthur Phillip, suka yi wata takwas a ruwa, suka kafa sansani a Sidni ranar 26 ga Janairu 1788. Ƙasar kuwa tana da masu ita, mutanen Eora, waɗanda ba wanda ya nemi izininsu, kuma cutar agana ta yi musu mummunar ɓarna a shekarar da ta biyo baya. Ranar 10 ga Fabrairu 1788 limamin ayarin, Richard Johnson, ya ɗaura auren Henry da Susannah tare da wasu ma'aurata, cikin aurarrakin farko da Turawa suka yi a can. Da suka nemi ƙunshinsu, sai aka ce ba a gan shi ba.

To, me ake nufi da mutuwa a idon shari'a? A tsohuwar dokar Ingila, da zarar an yanke wa mutum hukuncin kisa a kan babban laifi, ana ɗaukar jininsa ya gurɓata. Dukiyarsa ta koma hannun sarki. Ba ya gado, ba a gadonsa. Ba ya kai ƙara, ba a karɓar shaidarsa. Ko da an fasa rataye shi an kore shi, wannan tabo yana nan har sai ya gama wa'adinsa ko an yi masa cikakkiyar afuwa. Wato da a Landan ne, lauyan Sinclair zai tashi ya ce waɗannan mutane ba su da bakin magana, shari'a ta ƙare ke nan.

Alƙalin Sidni, David Collins, hafsan soja ne wanda bai karanci aikin lauya ba. Ya karɓi ƙarar. A takardar, bayan sunayensu an fara rubuta cewa su sababbin mazauna wurin ne, sai aka soke kalmomin, ba a kuma rubuta cewa fursunoni ne ba. Aka bar gurbin haka nan. Kotu ta saurari shaidu, ta umarci kyaftin ɗin ya biya su fam 15. Wannan ita ce shari'ar farko tsakanin mutum da mutum a tarihin kotunan Ostareliya. A ganina Collins ya yi daidai, kuma bai da wata hanyar da ta wuce wannan. Garin da yawancin mutanensa fursunoni ne, idan aka ce ba mai mallakar komai, ba mai ba da shaida, to ba ciniki, ba bashi, ba amana.

Rayuwar wanda aka kora tana bin matakai. Da ya sauka, ƙwadagonsa na gwamna ne. Ko ya yi aikin hukuma, irin su fasa dutse da gina hanya, ko a ba da shi ga wani mai gona ko ɗan kasuwa ya yi masa aiki a kan ci da sutura. Ba a sayar da shi kamar bawa, 'ya'yansa kuma 'yantattu ne tun ranar haihuwa, amma ubangida na iya kai shi gaban majistare a kan rashin kunya ko lalaci a yi masa bulala 25 ko 50. Wanda ya sake yin laifi ana tura shi wurare masu tsanani irin tsibirin Norfolk ko Port Arthur.

Mataki na gaba shi ne takardar ɗaurin talala, wadda ta fara aiki a zamanin Gwamna King, farkon shekarun 1800. Mai ita yana aikin kansa, yana karɓar lada, amma ba ya fita gundumar da aka rubuta masa, dole ya riƙa bayyana a ranar ƙidaya, kuma kuskure kaɗan ya isa a karɓe ta. Daga baya aka tsayar da ƙa'ida: mai shekara 7 yana iya nema bayan 4, mai 14 bayan 6, mai ɗaurin rai-da-rai bayan 8. Sai afuwa mai sharaɗi, wadda ke 'yanta mutum muddin ba zai koma Birtaniya ba, da cikakkiyar afuwa wadda ke buɗe masa hanyar gida. Wanda ya cika wa'adinsa kuma ana ba shi takardar shaidar 'yanci. Sai dai hukuma ba ta biyan kuɗin jirgin komawa. Namiji na iya yin aikin jirgi ya biya wa kansa, mace kuwa da wuya. Saboda haka korar shekara 7 ga yawancinsu ta zama ta har abada.

Batun aure ya fi komai sarƙaƙiya. Fursuna ba ya aure sai da izinin gwamna. Hukuma tana son auren, don ta lura mai iyali ya fi natsuwa, amma wanda takardarsa ta nuna ya bar mata ko miji a gida ana hana shi. Kora ba ta kashe aure, saki kuma a wancan lokaci sai ta hanyar majalisa, abin da talaka ba ya ko mafarkinsa. Mafitar da mutane suka riƙe ita ce wata tsohuwar doka ta farkon ƙarni na 17, wadda ta ce ba za a hukunta wanda ya sake aure ba idan abokin zamansa ya shekara 7 a ƙetaren teku. Da yawa sun dogara da ita, wasu kuma suka ce kawai an aiko musu da labarin rasuwa. Matar da aka bari a Ingila ko Ayalan ta zama ba bazawara ba, ba matar aure ba, sau da yawa sai dai ta koma cin sadakar coci.

Daga baya gwamnati ta fito da tsarin kai mata da yara kyauta ga fursunan da ya nuna hali na gari, idan ya rubuta takardar roƙo kuma aka shaida zai iya ciyar da su. Har akan sami matar da ta iso a matsayin 'yantacciya ta nemi a ba ta mijinta a matsayin ma'aikacinta, a kuma ba ta. Amma wannan ma roƙo ne, ana iya amsawa ana iya ƙi, kuma waɗanda suka dace kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan waɗanda aka kora.

Mata, su kusan 25,000 cikin mutum kimanin 162,000 da aka kai tsakanin 1788 da 1868, su suka fi shan wuyar wannan giɓi. Wadda ta yi ciki a gidan da take aiki, ko da ubangidan ne ya yi mata, ita ake mayarwa gidan aikin mata, irin na Parramatta ko na Cascades da ke Hobart. Ta haihu, ta shayar, da an yaye sai a raba ta da jaririn, a Cascades har a ƙara mata wata shida na horo don ta yi cikin. Jarirai da yawa sun mutu a waɗannan ɗakunan reno saboda cunkoso da sanyi da gudawa. Wanda ya rayu a kai shi makarantar marayu alhali uwarsa na da rai. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ci mini rai a tarihin gaba ɗaya, domin yaron bai saci komai ba.

Henry da Susannah sun yi sa'a. Ya zama mai kula da fursunoni, ya kai shugaban 'yan sandan Sidni, sannan ya shiga kasuwancin jiragen ruwa da fatun dabbobin teku tare da James Underwood da Simeon Lord, su ma tsofaffin fursunoni. Sun haifi 'ya'ya 11. Susannah ta rasu a 1825, shi kuma a 1846.

Tsohon tabon nan bai bar irinsu sun huta ba. A 1819 wata kotu a Landan, a shari'ar Bullock da Dodds, ta ce afuwar da gwamnan mulkin mallaka ya bayar ba ta dawo wa mutum da haƙƙinsa har sai an buga mata babban hatimin sarauta a Ingila. Takardun da yawa ba a taɓa buga musu ba. Rana ɗaya mutanen da suka yi shekaru suna saye da sayarwa suka wayi gari gidajensu da gonakinsu da gadon 'ya'yansu na lilo. Wani alƙali a Sidni, Barron Field, ya yi amfani da wannan hujja a 1820 ya toshe ƙarar da Edward Eagar, tsohon fursuna kuma lauya, ya kai shi. Eagar ya ɗauki koken 'yan uwansa ya tafi Landan, kuma a 1823 majalisa ta yi dokar da ta tabbatar da waɗannan afuwowi.

Korar kanta ta mutu a hankali. An dakatar da ita zuwa New South Wales, yankin da Sidni take, a 1840, zuwa Tasmaniya a 1853, dokokin 1853 da 1857 suka maye gurbinta da ɗauri da aiki mai tsanani a cikin gida. Jirgi na ƙarshe, Hougoumont, ya sauke mutanensa a Yammacin Ostareliya a Janairun 1868. Ingila ta soke mutuwar takarda a 1870. A Sidni kuwa ta yi saura: a 1978 babbar kotun Ostareliya ta hana wani fursuna, Darcy Dugan, kai ƙarar wata jarida a kan ɓata suna, bisa hujjar cewa an taɓa yanke masa hukuncin kisa. Sai a 1981 majalisar jihar ta yi dokar da ta ba fursunoni irinsa damar shiga kotu, shekara 193 bayan fam 15 ɗin Henry da Susannah.