Ƙoda: Yadda Take da Aikin da Take Yi a Jikin Ɗan Adam

A ina ƙoda take, kuma yaya siffarta?

Mutum yana da ƙoda biyu, kuma suna can ta bayan ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagun ƙashin baya, daidai inda haƙarƙari ya ƙare. Ta dama ta ɗan fi sauka ƙasa, domin hanta ta tare wurin daga sama. Kowace tana kama da ƙwayar wake, tsawonta santimita 10 zuwa 12, nauyinta kuma wajen giram 150. Wanda ya taɓa tsayawa a kan fiɗar rago ranar Layya ya ga yadda ake ɓanɓaro ƙoda daga cikin farin kitse. Ta mutum ma haka take a lulluɓe, kuma kitsen nan shi ne yake kare ta daga bugu.

Idan aka tsaga ta, me ake gani?

Za a ga ɓangaren waje mai launin ja da ya ɗan yi duhu, sai na ciki mai zane-zane da suka nufi tsakiya, sannan wani farin kwarmi inda fitsari yake taruwa. Abin da ido ba ya gani shi ne ƙananan matatai da ake kira nefron, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan ɗaya a kowace ƙoda. Kowannensu yana farawa da wani ƙullin siraran jijiyoyin jini, kamar zaren da ya cukurkuɗe, sai wani dogon bututu mai lanƙwasa da yake biye da shi. Masanin Italiya Marcello Malpighi ne ya fara bayyana waɗannan ƙulle-ƙulle a 1666, sannan a 1842 William Bowman na Ingila ya nuna yadda suke haɗe da bututun.

To, ta yaya take tace jini?

Yawancin mutane suna ɗauka cewa ƙoda tsince datti take yi daga jini, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ba haka abin yake ba, kuma a nan ne hikimar halittarta ta fi ban mamaki. Ƙoda takan fara zubar da kusan komai ne, sannan ta dawo ta zaɓi abin da jiki yake bukata.

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take harbawa yana bi ta ƙoda, wato fiye da lita ɗaya a kowane minti. A cikin ƙullin jijiyoyin nan, ƙarfin bugun jini yana matse ruwa ya fita ta wasu ƙofofi ƙanana ƙwarai, tare da gishiri da suga da sauran abubuwan da suka narke a cikinsa, amma ƙwayoyin jini da manyan furotin ba sa iya wucewa. Ruwan da ake matsewa haka ya kai lita 180 a kowace rana, abin da ya kusa cika duro guda. Da a ce duk wannan zai fita, da mutum bai wuni ba. Sai dai yayin da ruwan yake ratsa bututun, ƙoda tana tsotse kusan kashi 99 cikin 100 ta mayar cikin jini, da dukkan sugan da mafi yawan gishirin, ta bar lita ɗaya zuwa biyu kawai su zama fitsari. A cikinsa ne yuriya take fita, wadda hanta take samarwa bayan jiki ya sarrafa furotin, da kuma kiriyatinin da yake fitowa daga tsoka.

Wannan ma'auni ba a tsaye yake ba. Mai azumi a tsakiyar bazara yakan lura cewa fitsarinsa ya ragu kuma ya yi duhu zuwa la'asar. Dalili shi ne wani sinadari da yake fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa, ita kuma ta bi umarni.

Ina fitsarin yake bi daga nan?

Daga kowace ƙoda akwai bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 da yake kai shi mafitsara. Idan tsakuwar ƙoda ta maƙale a wannan siririyar hanya, nan ne ake jin azabar da take tasowa daga kwiɓi ta gangara zuwa mara.

Ban da fitsari, tana da wani aiki?

Tana da shi, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Tana fitar da wani sinadari mai suna renin, wanda yake da hannu wajen daidaita ƙarfin bugun jini. Tana fitar da wani sinadarin da yake zaburar da ɓargo ya samar da jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda da ya daɗe yake fama da ƙarancin jini da kasala. Ita ce kuma take kammala sarrafa bitamin D domin ƙashi ya sami kalsiyam, sannan tana hana fotasiyam da asid yin yawa a jini.

Mutum zai iya rayuwa da ƙoda ɗaya?

Ƙwarai kuwa, domin wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki mafi yawan nauyin. Wannan ne ya sa mai rai yake iya ba ɗan'uwansa ƙoda. Dashen farko da ya yi nasara an yi shi ne a birnin Boston na Amurka a 1954, inda likita Joseph Murray ya ɗauki ƙodar wani mutum ya dasa wa ɗan'uwan mutumin da aka haife su tagwaye.

Me ya sa ciwon ƙoda yake daɗewa bai bayyana ba?

Saboda wannan rarar ƙarfin da take da shi. Matatan da suka mutu ba sa dawowa, amma sauran suna ci gaba da rufa asiri, ta yadda mutum zai iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana harkokinsa bai ji komai ba. Kafin ƙafa da fuska su fara kumbura, sau da yawa ɓarnar ta yi nisa, wani lokaci har ta kai ga wankin ƙoda. Ciwon suga da hawan jini su ne manyan masu lalata ta, kuma yawan shan magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen ba da shawarar likita ba yana ƙara mata nauyi. Gwaji biyu masu sauƙi suna iya tona abin tun da wuri: auna kiriyatinin a jini, da duba ko furotin yana zuba a fitsari, wanda alama ce ta cewa ƙofofin matatan sun fara buɗewa fiye da kima.