Binciken ciwon daji: ta ina ake shiga, a ina ake zama?

A Zariya, ɗaliban kimiyya na jami'a a Samaru da matasan likitocin asibitin koyarwa na Shika kan maimaita waɗannan tambayoyi duk sa'ad da zancen binciken sankara ya taso.

Dole sai na zama likita kafin in shiga wannan fage?

A'a, ƙofa biyu ce. Likita zai yi shekara shida a makaranta, shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa, sannan ya shiga horon ƙwarewa a tiyata, ko sashen gasa sankara da na'ura, ko nazarin tsokar da aka yanko daga jikin majinyaci. Ɗaya ƙofar kuwa ta wanda ya karanta kimiyyar sinadaran jiki ce, ko harhaɗa magunguna, ko gwaje-gwajen asibiti, har ma lissafi da kwamfuta, ya ɗora da digiri na biyu da na digirgir.

Kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa. A 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata a Yuganda, ya bayyana wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara. Shi ya riƙa aika tsoka a jirgi zuwa Landan, inda Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar cuta a cikinta a 1964. Ita Barr ilimin dabbobi ta karanta, ba likitanci ba.

Jami'a, asibiti ko kamfani?

A jami'a kai ke zaɓen tambayar da za ka bi, amma aji mai ɗaruruwan ɗalibai da makin jarrabawa za su cinye maka yini, ƙarin girma kuma sai da takardun da ka wallafa. A asibitin koyarwa majinyata na gabanka, sai dai layin masu jira ba ya barin ka zauna rubutu. Kamfani ya fi biya, amma shi ke yanke abin da za a bincika, kuma kamfanonin magunguna na gida sun fi karkata ga sarrafawa da sayarwa. Akwai kuma aikin gwamnati: hukumar NAFDAC da ke sa ido kan gwajin magunguna, da cibiyar NICRAT ta binciken sankara a Abuja, wadda ta fara aiki a 2023.

In tsaya a gida ko in fita waje?

Nan ne gizo ke saƙa. Mai aikin ɗakin gwaji a nan ya san fargabar firjin nan da ke ajiye samfuri a sanyin maki 80 ƙasa da sifili. Wuta ta ɗauke da tsakar dare, janareto ba dizal, kafin gari ya waye jini da tsokar da aka yi shekara ana tarawa sun narke, kuma ba za ka koma ka ce wa matan da suka amince suka bayar su sake bayarwa ba. Sinadaran aiki da dala ake sayensu, a jira su watanni. Wanda ya tsallake saboda haka ba na ganin laifinsa.

Amma a sani, abin da turawa ke nema muna da shi: majinyata, da tambayoyin da ba a amsa ba. Farfesa Olufunmilayo Olopade a Ibadan ta yi likitanci, tana aiki a Jami'ar Chicago, duk da haka babban aikinta kan sankarar mama ya dogara ne da matan Najeriya da abokan aikinta na Ibadan. Victor Ngu kuwa, ɗan Kamaru, aikin da ya yi a Ibadan kan maganin sankarar Burkitt shi ya kai shi ga lambar yabo ta Lasker a 1972. Shawarata ita ce a fita a koyo dabara, amma kafin tafiya a ƙulla zumunci da wani sashe a gida, a kuma rubuta yarjejeniya kan mallakar samfuri da jerin sunaye a takardar da za a wallafa. Bai dace masaninmu ya ƙare a mai tara jini kawai ba.

Wane bincike za a iya yi a Zariya ba tare da manyan na'urori ba?

Da yawa. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta sa rigakafin ƙwayar cutar HPV cikin jerin alluran yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14, don kare su daga sankarar bakin mahaifa. Wa zai bi unguwanni daga Tudun Wada zuwa ƙauyukan Giwa ya gano dalilin da wasu iyaye ke karɓa, wasu na ƙi? Gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba, in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, tana ƙara haɗarin sankarar hanta. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, ga asibiti a Shika, tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsu. Sai kuma ƙididdiga: Ibadan ta buɗe rajistar masu sankara tun 1960, kuma duk wani tsari na gwamnati a kan irin waɗannan alƙaluma yake tsayawa. Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin da mata ke yi kafin su iso asibiti da ƙullutu a mama. Wannan takarda da biro da haƙurin sauraro yake buƙata.

Kuɗin binciken fa?

Malaman jami'a na neman tallafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sauran kuma daga gidauniyoyin ƙasashen waje. Rubuta takardar neman tallafi sana'a ce mai zaman kanta, a fara koyonta tun a digiri na biyu.

Me zan duba wajen zaɓen malamin da zai kula da aikina?

Kada girman muƙami ya ruɗe ka. Je ka tambayi ɗalibansa na baya shekara nawa suka yi kafin su gama, ko sunansu ya fito a takardun da aka wallafa, da kuma wanda ya sayi sinadaran aikin, shi ko su. Sannan ka leƙa ɗakin gwajin da kanka ranar aiki, ka tambaya me ke riƙe firjin idan aka ɗauke wuta.