Farfaɗo da tsohon injin sanfefar katako

Injin sanfefa na masana'anta shi ne wanda ake goge katako da shi har ya yi sumul, ta hanyar faifai mai juyawa, ko bel, ko ganga da aka naɗe da sanfefa. Cikin kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera shi akwai Oliver na Grand Rapids a Amurka, wanda Joseph Oliver ya kafa a 1890, da Wadkin na Leicester a Ingila, da aka kafa a 1897. Gangar jikin injunansu ƙarfen zubi ne, nauyinsa na shanye girgiza, shi ya sa kafintoci ke neman su har yau ko da sun yi tsatsa.

Mai gyara kan fara da duba tsagewa, domin ƙarfen zubi ba ya son walda. Sannan a wargaza injin, a wanke busasshen giris da kananzir, a cire tsatsa. Tsohon fentin kan ƙunshi dalma, don haka ba a kankare shi ba tare da rufe hanci ba.

Ainihin aikin yana wurin da sandar injin ke juyawa. Da yawa daga cikin tsofaffin ba boris ke gare su ba, sai wani ƙarfe mai laushi, haɗin kuza da jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna antimoni, wanda Isaac Babbitt ya ƙirƙiro a 1839 kuma ake kira da sunansa. Idan ya cinye, narkar da sabo ake yi a zuba. Ana turara sandar da baƙin hayaƙi don kada ya manne mata, a ɗumama mazubin sosai, saboda ɗigon ruwa ɗaya na iya sa narkakken ƙarfen ya fantsamo wa mutum. Bayan ya huce sai a riƙa kankarewa da hannu, ana gwadawa, har sandar ta zauna daram. Aikin haƙuri ne, kuma wanda ya yi gaggawa a nan faifansa zai riƙa rawa yana barin zane a katako.

Yawancin waɗannan injuna wutar lantarki mai layi uku irin ta masana'anta suke ci, sai a haɗa musu na'urar sauya wuta idan ta gida ce kawai. Ana kuma ƙara murfin bel da bututun zuƙe ƙura, domin ƙurar katako na cutar da huhu kuma tana kama wuta. Fenti shi ne na ƙarshe.