Rikicin Zauren Wasa da Ƙaurar SuperSonics daga Seattle

Seattle SuperSonics ƙungiyar ƙwallon kwando ce da ta buga gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, a birnin Seattle na jihar Washington, arewa maso yammacin Amurka, daga 1967 zuwa 2008, ta kuma ɗauki kofin gasar a 1979. Tsakanin 2006 da 2008 an yi ta ja-in-ja kan wanda zai biya kuɗin gyara zauren wasanta ko gina sabo: masu ƙungiyar, ko hukumar birni, ko gwamnatin jiha. Rikicin ya ƙare da komawar ƙungiyar birnin Oklahoma, inda aka raɗa mata suna Thunder.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai zai yi mamakin a ce ƙungiya ta tattara ta bar garinta. A NBA babu faɗawa ƙaramin rukuni, babu hawowa daga can. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace mallakin 'yan kasuwa ce, kuma biranen da ke son ƙungiya sun fi ƙungiyoyin yawa. Wannan ƙarancin shi ke ba mai ƙungiya damar ce wa hukuma: ku gina zaure, ko mu tafi inda za a gina mana.

Zauren da yarjejeniyar haya

An gina zauren ne domin baje kolin duniya da aka yi a Seattle a 1962. A 1994 zuwa 1995 aka sabunta shi, aka bar rufinsa na asali, aka haƙa ƙasa domin a ƙara kujeru, sannan aka buɗe shi da sunan KeyArena. Yana ɗaukar 'yan kallo 17,072 a wasan kwando. Hukumar birni ta ciwo bashin fiye da dala miliyan 70 don aikin, ƙungiyar kuma ta sa hannu kan hayar shekara 15, zuwa 2010.

Tushen matsalar yana cikin yadda aka tsara biyan bashin. Ba a ɗora shi kan haraji ba, an ɗora shi kan kuɗin da zauren zai riƙa shigarwa, musamman hayar ɗakunan alfarma da kamfanoni ke kamawa don manyan baƙinsu. Wato birni da ƙungiya suna ɗiba daga tukunya ɗaya. A NBA kuwa ana raba kuɗin talabijin na ƙasa daidai-wa-daida, amma abin da ƙungiya ta tara a zaurenta, na tikiti, da ɗakunan alfarma, da abinci, da tallace-tallace, akasarinsa nata ne. Nan ake samun rata tsakanin ƙungiya mai riba da mai asara. KeyArena ƙaramin fili ya ci, hanyoyin cikinsa matsattsu ne, babu wurin ƙara shaguna da gidajen abinci, kuma kafin a cika shekara goma ya zama mafi ƙarancin kujeru a gasar.

Sai kuma aka buɗe wasu manyan filaye biyu a birnin da kuɗin jama'a: na ƙungiyar wasan baseball ta Mariners a 1999, da na ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta Seahawks a 2002. Kamfanonin da ke kama ɗakunan alfarma suka samu zaɓi, kasuwar KeyArena ta ja baya. Masu biyan haraji su ma sun ƙoshi. Ba su manta ba cewa a 1995 masu zaɓe a gundumar King, wadda Seattle ke cikinta, sun ƙi amincewa da harajin filin Mariners, amma majalisar dokokin jiha ta samo wata hanya aka gina shi.

Daga Schultz zuwa Bennett

A 2001 wasu masu zuba jari ƙarƙashin Howard Schultz, shugaban kamfanin Starbucks, suka sayi ƙungiyar kan dala miliyan 200. A farkon 2006 Schultz ya nemi majalisar jiha ta amince da aikin faɗaɗa zauren na kimanin dala miliyan 220, mafi yawansa daga haraji. Majalisa ba ta yi ba. A watan Yulin 2006 ya sayar da SuperSonics, haɗe da ƙungiyar mata ta Seattle Storm, ga wasu 'yan kasuwar Oklahoma ƙarƙashin Clay Bennett, kan dala miliyan 350. Sharaɗin cinikin shi ne sababbin masu ƙungiyar su yi ƙoƙari da zuciya ɗaya, na tsawon wata 12, su samo sabon zaure a yankin Seattle.

Tun a lokacin mutane sun sha jinin jikinsu. Birnin Oklahoma yana da zauren Ford Center, wanda aka buɗe a 2002, kuma a can ƙungiyar New Orleans Hornets ta yi zaman wucin gadi daga 2005 zuwa 2007 bayan guguwar Katrina, 'yan kallo suna cika shi maƙil.

A Nuwamban 2006 masu zaɓe a Seattle suka amince, da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u, da wata doka da ta hana birnin zuba kuɗi a harkar ƙungiyoyin ƙwararru sai in zai samu ribar da ta kai ta takardun lamunin gwamnatin tarayya na shekara 30. Bennett ya juya zuwa Renton, wani gari a gefen Seattle da dokar ba ta shafa ba, ya gabatar da zauren kusan dala miliyan 500, yana neman miliyan 300 daga harajin gidajen abinci, otal-otal da motocin haya. Majalisa ta tashi zamanta a Afrilun 2007 ba ta ko kaɗa ƙuri'a a kai ba. A watan Agusta ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, Aubrey McClendon, ya faɗa wa wata jaridar Oklahoma cewa ba su sayi ƙungiyar don su bar ta a Seattle ba. NBA ta ci shi tarar dala 250,000, amma magana ta riga ta fita.

Gaban kotu

Makamin da ya rage wa birnin shi ne takardar haya. A Satumban 2007 Bennett ya nemi a kai maganar gaban masu sasanci domin ya fita daga hayar, birnin kuma ya shigar da ƙara. Tambayar da shari'ar ta rataya a kanta ita ce: shin ɗan haya zai iya biyan kuɗin shekara biyun da suka rage ya kama gabansa, ko kuwa dole ƙungiyar ta buga wasanninta na gida a KeyArena har 2010? Lauyoyin birni suka ce abin da aka ƙulla ba kuɗi kaɗai ba ne, kasancewar ƙungiyar a garin ce, kuma ba a iya auna wannan da dala. Lauyoyin Bennett suka ce rigimar mai gida da ɗan haya ce kawai, suka kuma zargi ɓangaren birni da neman jawo masa asara har ya gaji ya sayar. Saƙonnin imel da aka tono yayin shari'ar sun nuna masu ƙungiyar suna zancen ƙaura tun wa'adin wata 12 bai cika ba. Schultz ya dogara da su ya kai ƙarar neman warware cinikin, daga baya ya janye.

Ana cikin haka, a Maris 2008, masu zaɓe a birnin Oklahoma suka amince da harajin cinikayya na santi ɗaya a kowace dala, don tara kusan dala miliyan 120 na gyaran Ford Center da gina wurin atisaye. A wannan watan ne wasu attajiran Seattle, ciki har da Steve Ballmer na Microsoft, suka yi tayin biyan miliyan 150, rabin kuɗin sabunta KeyArena, in birni ya ba da 75 jiha ma ta ba da 75. Wannan ne tayi mafi sauƙi ga masu biyan haraji a duk rikicin, sai dai ya zo a ƙurarren lokaci, majalisa ta tashi ba ta taɓa shi ba. Ranar 18 ga Afrilu masu ƙungiyoyin NBA suka amince da ƙaurar da ƙuri'a 28 da 2. Mark Cuban na Dallas da Paul Allen na Portland ne suka ƙi.

An fara sauraron ƙarar da birnin Seattle ya shigar a kotun tarayya ranar 16 ga Yuni gaban mai shari'a Marsha Pechman. Ranar 2 ga Yuli, saura 'yan sa'o'i ta yanke hukunci, magajin garin Seattle Greg Nickels ya yi sulhu. Bennett ya biya dala miliyan 45 nan take, da alƙawarin ƙarin miliyan 30 in majalisar jiha ta amince da kuɗin gyaran zauren kafin ƙarshen 2009 kuma Seattle ba ta samu wata ƙungiya cikin shekara biyar ba. Majalisa ba ta amince ba, don haka miliyan 30 ɗin ta bi ruwa. Suna da launukan ƙungiyar, kore da ruwan zinare, an bar wa Seattle. 'Yan wasa kuwa, har da matashi Kevin Durant, da Russell Westbrook da aka ɗauko kwanaki kaɗan kafin sulhun, sun tafi Oklahoma.

Bayan ƙaura

Storm ta tsira, domin wasu mata 'yan kasuwar Seattle sun saye ta a 2008. A 2013 wani mai zuba jari, Chris Hansen, da Ballmer sun nemi sayen wata ƙungiyar NBA, Sacramento Kings, su kawo ta Seattle, NBA ta ƙi da ƙuri'a 22 da 8. Daga baya kamfanin Oak View Group ya sake gina KeyArena ƙarƙashin tsohon rufinsa da kuɗin 'yan kasuwa, fiye da dala biliyan ɗaya, aka buɗe shi a 2021 da sunan Climate Pledge Arena, gidan Storm da ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Kraken.

Thunder ta ci kofin NBA a 2025. Kafin nan, a Disambar 2023, masu zaɓen birnin Oklahoma sun amince da gina mata sabon zaure na aƙalla dala miliyan 900, wanda masu ƙungiyar za su ba da miliyan 50 a ciki, bisa alƙawarin za ta yi shekara 25 tana wasa a cikinsa.