Ɗaukar hoton mutane a kan titi ba da saninsu ba: tambayoyi da amsoshi

Wace irin sana'a ce wannan?

Ita ce ɗaukar mutane suna tsakiyar harkokinsu a kasuwa ko tasha ko bakin hanya, ba tare da an ce su gyara tsayuwa ba. Wanda aka fi ambato a fagen shi ne Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu hoto ta Magnum a 1947. Yau kuwa duk mai waya a aljihu ya shiga layin.

Doka ta yarda da haka?

Ya danganta da ƙasa, kuma galibi inda gizo ke saƙar shi ne wajen yaɗa hoton, ba ɗaukarsa ba.

A Amurka an saki hannu sosai. Tsakanin 1999 da 2001, wani mai hoto, Philip-Lorca diCorcia, ya ɓoye fitilar hoto a dandalin Times Square da ke New York, yana ɗaukar fuskokin masu wucewa daga nesa. Wani dattijo Bayahude mai riƙo da addini ya gano ana sayar da hotonsa, ya kai ƙara a 2005, yana cewa abin ya saɓa wa aƙidarsa. Kotu ta kori ƙarar a 2006, ta ce aikin fasaha ne da tsarin mulki ya kare.

A Kanada labarin ya sha bamban. An ɗauki wata yarinya 'yar shekara 17 zaune a matakalar wani gini a Montreal, wata mujalla ta buga ba da izininta ba. A 1998 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da diyyar dala 2,000. Jamus kuwa tun 1907 ta yi doka kan haƙƙin mutum a kan hotonsa, bayan da wasu masu hoto biyu suka saci jiki suka ɗauki gawar Bismarck, tsohon shugaban gwamnatin ƙasar, a 1898.

To idan doka ta halatta, ina laifin?

Doka ba ta auna mutunci. A 1936 wata mai hoto, Dorothea Lange, ta ɗauki wata mata 'yar shekara 32 da 'ya'yanta a sansanin leburorin gona a Nipomo, jihar Kalifoniya. Hoton ya zagaya duniya, ya zama fuskar talaucin da ya addabi Amurka a lokacin, har ya sa gwamnati ta aika abinci sansanin. Amma sai a 1978 jama'a suka san sunanta, Florence Owens Thompson, kuma ta ce ko sisi ba ta samu ba. Shekara arba'in ana kallon ta cikin halin ƙunci.

Abin da ya fi damuna ke nan. Mai hali yana da katanga da mota mai baƙin gilashi, kyamara ba ta kai gare shi. Wanda titi ne wurin cin abincinsa da kwanciyarsa shi ake ɗauka kullum: mabaraci, mai taɓin hankali, almajiri da ƙoƙonsa. Hotunan almajiran Kano da Zariya sun cika intanet, kuma da wuya ka ji an tambayi yaran ko iyayensu.

Ai idan aka nemi izini, mutum zai daidaita fuska, hoton ya lalace.

Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma izini ba lallai ya zo kafin ɗauka ba. Ka ɗauka, ka ƙarasa ka yi sallama, ka nuna masa, ka faɗi inda za ka sa. In ya ce a'a, goge a gabansa. Kada ka tsaya yi masa bayanin doka.

Taron jama'a fa, kamar hawan sallah?

Wannan da sauƙi. Mahayin da ya sha ado ya fito Hawan Daushe don a gan shi ya fito. Sai dai ɗaukar taro daban, zuƙo fuskar matar wani daga cikin 'yan kallo daban. Haka ma wanda ya faɗi daga doki, ko wanda hatsarin mota ya rutsa da shi: danginsa na iya fara jin labari daga hotonka a WhatsApp kafin kowa ya je musu da shi.